Ƙaramin Dandali Ke Rainon Babban Marubuci: Nasiha Ga Matasa Masu Rubuta Wasan Kwaikwayo

Rubutun wasan kwaikwayo sana'a ce da ta sha bamban da sauran rassan adabi, domin marubucin waƙa ko na ƙagaggen labari yana iya kammala aikinsa shi kaɗai a ɗaki ya miƙa wa mai karatu, alhali marubucin wasa ba ya sanin ingancin abin da ya rubuta sai ranar da 'yan wasa suka hau dandamali suka furta kalmominsa a gaban 'yan kallo. Wannan ne ya sa duk matashin da ke sha'awar fannin yake buƙatar abubuwa biyu da alƙalami kaɗai ba ya bayarwa, wato jama'ar da zai saurara har ya laƙanci harshenta, da kuma dandalin da zai riƙa gwada aikinsa yana gyarawa. Matasa da yawa sukan ɗauka cewa waɗannan abubuwa suna can manyan birane inda kuɗi da suna suke, don haka sai su raina ƙaramin zauren da ke garinsu, su zauna jiran ranar da wani babba zai kira su. Rayuwar August Wilson, marubucin wasan kwaikwayo Ba'amurke baƙar fata wanda ya rayu daga 1945 zuwa 2005, ta isa hujja a kan kuskuren wannan zato, kuma a kanta aka gina wannan nasiha.

Gidajen Wasan Yanki

Kafin a shiga tarihin mutumin, ya kamata a fayyace irin filin da ya yi aikinsa a ciki. Cibiyar wasan kwaikwayo ta kasuwanci a Amurka ita ce Broadway, wato wani yanki a tsakiyar birnin New York mai manyan gidajen wasa 41, kowanne da kujeru 500 ko fiye, inda 'yan kasuwa ke zuba jari a wasa da nufin cin riba, idan kuwa kasuwa ba ta yi ba sai a rufe shi cikin 'yan makonni. Har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, can ne ƙwararren ɗan wasa ko marubuci yake dosa, sauran biranen ƙasar kuwa galibi sai dai su jira ayarin 'yan wasa masu rangadi su kawo musu abin da New York ta riga ta gani. Al'amarin ya fara sauyawa ne a 1947, lokacin da Margo Jones ta buɗe gidan wasa a Dallas, Nina Vance kuma ta kafa gidan Alley a Houston. Daga baya Zelda Fichandler da abokan aikinta suka kafa Arena Stage a Washington a 1950, sannan aka buɗe gidan Guthrie a Minneapolis a 1963.

Waɗannan su ake kira gidajen wasan yanki, ma'ana gidajen ƙwararru da ke zaune daram a biranensu, waɗanda ba a kafa su don raba riba ba. Kowanne yana ƙarƙashin kwamitin amintattu, yana tsara jerin wasannin da zai nuna a shekara, mazauna garin su sayi tikitin shekarar baki ɗaya tun kafin a fara, sannan a cike gurbin kuɗin da gudummawar masu hali, da ta gidauniyoyi irin su Gidauniyar Ford, da ta hukumar tallafa wa fasaha da gwamnatin tarayya ta kafa a 1965. Amfanin wannan tsari ga sabon marubuci a bayyane yake, domin gidan da ya riga ya sayar da kujerunsa, wanda kuma ba ya jiran riba, yana iya ɗaukar kasadar nuna wasan wanda ba a san shi ba, abin da ɗan kasuwar Broadway ba kasafai yake yi ba.

Matakin Farko: Karatu da Sauraro

An haifi Wilson ranar 27 ga Afrilu, 1945, a unguwar Hill da ke Pittsburgh, birnin masana'antun ƙarfe na jihar Pennsylvania. Mahaifinsa Bajamushe ne mai gasa burodi wanda bai cika zama da iyalinsa ba, mahaifiyarsa Daisy Wilson kuwa baƙar fata ce mai aikin shara da goge-goge, kuma ita ce ta yi ɗawainiyar 'ya'yan a wani ɗan muhalli mai ɗaki biyu. Yana da shekara 15 ya bar makaranta, bayan wani malami ya zarge shi da satar rubutun da ya yi a kan Napoleon, saboda a ganin malamin yaro irinsa ba zai iya rubuta abu mai kyau haka ba. Barin makaranta ba abin koyi ba ne, kuma babu mai hankalin da zai shawarci matashi da shi. Abin koyi shi ne abin da yaron ya yi bayan haka, domin ya mai da ɗakin karatu na Carnegie da ke birnin makarantarsa, yana wuni a ciki yana karanta tarihi da waƙa da labarai, musamman na marubuta baƙaƙen fata. A 1965, shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya sayi tsohuwar tafireta a kan dala 20, ya kuma ɗauki sunan mahaifiyarsa, ya ƙudurta cewa rubutu ne sana'arsa.

Makarantarsa ta biyu ita ce titunan unguwar, inda yakan zauna a shagon taba da gidajen abinci yana sauraron dattawa suna hira da gardama, yana kuma sauraron faifan garmaho na waƙoƙin bulus, wato waƙoƙin baƙaƙen Amurka masu bayyana wahalar rayuwa da juriya, waɗanda daga baya ya ce su ne ginshiƙin duk rubutunsa. A 1968 shi da abokinsa Rob Penny suka kafa wata ƙaramar ƙungiyar wasa mai suna Black Horizon, suna nuna wasanni a zaurukan makarantu da wuraren taruwar jama'a, kuma da yake babu wanda ya san aikin ba da umarni a cikinsu, sai Wilson ya aro littafi a ɗakin karatu ya koya. Duk da haka wasannin da ya fara rubutawa ba su yi armashi ba, kuma shi da kansa ya bayyana dalili a hirarrakin da aka yi da shi daga baya: bai ɗauki maganar mutanen unguwarsa da daraja ba, don haka yakan cusa wa taurarinsa wani ƙaƙalallen harshe mai nauyi, da zaton shi ne adabi. Sai da ya koma birnin St. Paul na jihar Minnesota a 1978, nesa da gida, sannan muryoyin unguwar Hill suka riƙa dawo masa da ƙarfi, ya gane cewa aikinsa shi ne ya saurare su ya rubuta. A 1979 ya rubuta Jitney, wasan da ke magana a kan direbobin kabu-kabu a wata tasha ta unguwar, kuma a cikinsa ne muryarsa ta gaskiya ta fara fitowa.

Darasin da ke nan ga matashi shi ne, kayan aikin marubucin wasa suna bakin mutanen da yake gani kullum yana wuce su. Mai son rubuta wasa ya wajaba ya san yadda mahauci yake ciniki, da yadda uwar miji take yin gugar zana, da yadda kwandasta yake zolayar fasinja, da yadda dattijo yake kauce wa tambaya ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba, domin a dandamali ba a bayyana halin mutum da dogon sharhi, furucinsa da aikinsa ne ke tona shi. Wanda ya ji kunyar harshen gidansu, ya ari na fina-finan wasu ƙasashe, zai haifi taurarin da ba su da gari, kuma 'yan kallo sukan gane baƙo tun daga jumlarsa ta farko.

Haƙuri da Neman Malami

A Minnesota, Wilson bai zauna jiran sa'a ba. Ya kama aiki a gidan adana kayan kimiyya na jihar yana rubuta musu gajerun wasanni na ilmantarwa, daga baya ya yi aikin dafa abinci a wata ƙungiyar agaji domin ya samu lokacin rubutu, ya kuma jingina da Penumbra, ƙaramin gidan wasa na baƙaƙen fata da Lou Bellamy ya kafa a 1976, tare da samun tallafin Cibiyar Marubuta Wasa ta Minneapolis a 1980. A wannan tsakanin yana aika rubuce-rubucensa ga taron marubuta wasa na ƙasa da ake yi kowace bazara a Cibiyar Eugene O'Neill da ke jihar Connecticut, ana mayar masa da su, ciki har da Jitney. Bai yi fushi ya ajiye alƙalami ba, bai kuma tsaya zargin alƙalan ba. Ya koma ya rubuta wani wasan, Ma Rainey's Black Bottom, a kan wata mawaƙiya da makaɗanta a ɗakin naɗar faifai a Chicago a 1927, wanda aka karɓa a 1982, lokacin yana da shekara 37.

Tsarin wannan taro ya cancanci bayani, domin abu ne da kowace ƙungiyar matasa za ta iya yin irinsa ba tare da kuɗi mai yawa ba. Akan ba kowane wasa 'yan kwanaki na bita, sannan 'yan wasa su karanta shi a gaban jama'a da takarda a hannu, babu ƙawa babu tufafin musamman, bayan haka a zauna da marubucin a faɗa masa inda wasan ya kama da inda ya saki. Shugaban taron a lokacin shi ne Lloyd Richards, dattijon da ya ba da umarnin shahararren wasan nan A Raisin in the Sun a Broadway a 1959, wanda kuma yake jagorantar makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Yale da gidan wasanta daga 1979 zuwa 1991. Richards ya ga baiwa a tattare da Wilson, ya ɗauke shi kamar ɗa, ya nuna masa abubuwan da mawaƙi ba ya sani game da dandamali, kamar cewa doguwar magana, komai daɗinta, idan ba ta tura labari gaba ba sai ta kashe wasa. Ya nuna Ma Rainey a gidan wasa na Yale a watan Afrilun 1984, wasan ya isa Broadway a watan Oktoban shekarar, kuma daga nan har zuwa 1996 Richards ya ba da umarnin wasannin Wilson guda shida.

Akwai abin lura a yadda Wilson ya karɓi suka. Masu sharhi sun ce Ma Rainey ya rasa tauraro guda da labarin zai rataya a wuyansa, sai ya amsa musu da aiki, ya rubuta Fences, wanda ya ginu kacokan a kan mutum ɗaya, wani mai kwasar shara a 1957, tsohon gwanin ƙwallon besbol da wariyar launin fata ta hana shi kaiwa inda ya cancanta, wanda kuma ɗacin ransa ya shiga tsakaninsa da ɗansa. Matashin da ba ya iya zama a gaban wanda ya fi shi sani ya ji an ce fitowa ta uku ba ta da amfani, ya koma gida ya cire ta, bai shirya wa wannan sana'a ba. Girman kai ya kashe marubuta fiye da yadda rashin baiwa ya kashe su, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, musamman a fannin da marubuci da darakta da 'yan wasa da masu haske da masu tufafi duk sai sun haɗu kafin a ga komai.

Wasa a Hanya Yake Nuna

Babban abin da ya bambanta aikin Wilson shi ne hanyar da wasanninsa suke bi kafin su isa New York. Shi da Richards da Benjamin Mordecai, manajan gidan wasa na Yale, sun tsara yadda gidajen wasan yanki da dama za su haɗa kuɗi su raba nauyin wasa ɗaya, a fara nuna shi a New Haven, inda Yale take, sannan a ɗauke shi da 'yan wasansa da kayansa zuwa gidaje irin su Huntington a Boston, da Goodman a Chicago, da Seattle Repertory, da Old Globe a San Diego. A kowane zango marubucin yana nan, yana kallon wasan tare da jama'a, yana lura da inda suka yi tsit da inda suka fara motsi a kujera, sannan ya koma ya rage, ya ƙara, ya sake zubi kafin zango na gaba. Lamarin ya yi kama da aikin marina, inda ba a tsoma ƙyalle a baba sau ɗaya a ce ya rinu, sai an tsoma an ɗaga ya sha iska, an sake tsomawa, har launin ya kama.

Shekarun da wannan tafiya ta ci sun isa su kwantar da hankalin mai gaggawa. An karanta Fences a Cibiyar O'Neill a 1983, aka nuna shi a Yale a 1985, bai isa Broadway ba sai 1987, inda ya ci lambar yabo ta Pulitzer, wadda ke cikin mafi girma a adabin Amurka, da kuma lambar Tony ta gwarzon wasan shekara. The Piano Lesson, wanda ke ba da labarin wani saurayi da 'yar'uwarsa da ke jayayya a kan fiyanon gado mai ɗauke da sassaƙen fuskokin kakanninsu bayi, shi yana so a sayar a sayi gonar da aka bautar da su a cikinta, ita kuwa ta ƙi, an fara nuna shi a Yale a ƙarshen 1987, ya yi ta zagaya birane ana gyara shi, musamman ƙarshensa, har zuwa 1990 da ya isa Broadway ya kuma kawo wa marubucin Pulitzer ta biyu. Jitney kuwa, wanda aka fara nunawa a wani ƙaramin gida a Pittsburgh a 1982, Wilson ya sake rubuta shi a 1996, ya ci babbar lambar Olivier a Landan a 2002, amma bai hau dandamalin Broadway ba sai 2017, shekara 38 bayan rubuta shi, kuma shekara 12 bayan rasuwar mai shi. Sannu ba ta hana zuwa, kuma wasan da aka ƙi karɓa yau ba lallai ne ya zama mataccen wasa ba.

Abin Sa wa Baki da Haƙƙin Mallaka

Nasiha ba ta cika idan aka ɓoye wa matashi gaskiya game da kuɗi. Marubucin wasa a gidajen yanki yana samun kuɗi ta hanyoyi biyu: kafin alƙalami da gidan wasa ke ba shi idan ya nemi ya rubuta masa sabon wasa, da kuma wani ɗan kaso cikin ɗari na kuɗin tikiti a tsawon makonnin da ake nuna wasan, waɗanda ba su cika wuce wata ɗaya da 'yan kwanaki ba. Wani bincike da Todd London ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2009, ya nuna cewa ko a Amurka akasarin marubutan wasa ba sa iya rayuwa da kuɗin wasanninsu kaɗai, sai sun haɗa da koyarwa ko rubuta wa talabijin ko wata sana'ar daban. Wilson kansa ya kusan shekara 40 kafin rubutu ya fara ciyar da shi. Saboda haka matashi ya riƙe sana'a ko aikin da zai rufa masa asiri, kada ya ɗauki hakan a matsayin gazawa, domin wanda yunwa ta matsa wa yakan sayar da aikinsa da arha, ko ya rubuta abin da mai kuɗi yake so ya ji.

A madadin ƙarancin kuɗi, marubucin dandamali a can yana da wata daraja da marubucin fim ba shi da ita. Bisa ƙa'idojin da ƙungiyar marubuta wasa ta Amurka ta daɗe tana karewa, wasa mallakar marubucinsa ne, gidan wasa hayarsa kawai yake yi na wani lokaci, ba a sauya kalma ko ɗaya sai da yardarsa, yana da ta cewa a zaɓen darakta da 'yan wasa, yana kuma da ikon halartar bita. Marubucin fim kuwa galibi ɗan ƙwadago ne, kamfani ke mallakar abin da ya rubuta. Wilson ya san darajar ikon da ke hannunsa, domin bayan da kamfanin Paramount ya sayi izinin mai da Fences fim, ya dage cewa sai darakta baƙar fata wanda ya san al'adar mutanen da ke cikin labarin, kuma fim ɗin bai fito ba sai 2016 a hannun darakta Denzel Washington, inda 'yar wasa Viola Davis ta ci lambar Oscar da shi. Abin da matashi zai ɗauka a nan shi ne ya riƙa rubuta yarjejeniya ko da da aboki ne, ya adana kwafin aikinsa da kwanan wata, ya kuma bambance tsakanin ba da aron wasa da sayar da shi baki ɗaya.

Riƙon Amanar Jama'a

Wilson ya ɗaura wa kansa wani aiki mai nauyi, wato rubuta wasa goma, ɗaya a kan kowace shekara goma ta ƙarni na 20, domin ya bayyana rayuwar baƙaƙen Amurka tun daga 1904, lokacin da waɗanda suka ga bauta da idonsu suke raye, har zuwa 1997. Tara daga cikin goman a unguwar Hill ya kafa su, unguwar da ba ta da wani suna a idon duniya, amma da ya zurfafa a cikinta sai mutanen Landan da na sauran ƙasashe suka ga iyayensu da 'ya'yansu a cikin taurarinsa. An fara nuna na ƙarshensu, Radio Golf, a gidan wasa na Yale a watan Afrilun 2005, ya kuma rasu a Seattle ranar 2 ga Oktoba na shekarar, yana da shekara 60, sakamakon ciwon daji na hanta. Makonni biyu bayan haka aka sa wa wani gidan wasa na Broadway sunansa, kuma shi ne baƙar fata na farko da aka yi wa wannan karramawa.

Godiyarsa ga gidajen da suka raine shi ba ta hana shi faɗa musu gaskiya ba. A wani jawabi da ya yi a taron shugabannin gidajen wasa a Jami'ar Princeton a watan Yunin 1996, ya nuna cewa a cikin manyan gidajen yanki 66 ɗaya ne kacal na baƙaƙen fata, ya nemi a tallafa wa gidajen da baƙaƙe za su riƙe da kansu, ya kuma soki al'adar sa ɗan wasa baƙi a matsayin da aka rubuta wa Bature a ce an yi adalci. Robert Brustein, wanda shi ne ya kafa gidan wasa na Yale a 1966, ya mayar masa da martani cewa wannan kira ne na wariya, har suka yi muƙabala a bainar jama'a a New York a watan Janairun 1997. Masana har yau sun rabu a kan wanda ya fi hujja, amma babu mai musun cewa Wilson ya yi magana ne a lokacin da yin shiru ya fi masa riba.

Hanyar da ya bi ba ta toshe bayansa ba. Lynn Nottage, wadda aka haifa a 1964, ta je Uganda a 2004 ta zauna da matan Kwango da yaƙi ya kora ta saurari labaransu, ta rubuta Ruined, wanda aka fara nunawa a gidan Goodman na Chicago a 2008 ya kuma ci Pulitzer a 2009 ba tare da ya taka Broadway ba. Daga baya ta kwashe sama da shekara biyu tana zirga-zirga zuwa garin Reading na Pennsylvania tana hira da ma'aikatan da masana'antu suka sallama, ta rubuta Sweat, wanda aka fara nunawa a ƙaramin garin Ashland na jihar Oregon a 2015, ya kawo mata Pulitzer ta biyu a 2017, ta zama mace ta farko da ta ci lambar sau biyu a fannin wasan kwaikwayo. Ita ma sauraro ta sa a gaba, kuma gidajen yanki ne suka fara buɗe mata ƙofa, abin da ya kamata 'yan mata masu sha'awar rubutu su riƙe da kyau.

Abin da Ya Shafi Matashin Ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ba ta da gidajen wasa masu tikitin shekara da gidauniyoyi irin na Amurka, kuma yaudara ce a nuna wa matashi cewa yanayin ɗaya ne. Sai dai tarihin wasan Hausa shi ma daga ƙananan dandali ya taso. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, irin su Jatau Na Kyallu, sun ratsa kunnen masu sauraron rediyo kafin su zama littafi. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya riƙa kai wasa ƙauyuka tun shekarun 1970 yana tsara shi tare da manoma. A Nijar ƙungiyoyin samariya sun yi gasar wasa a bikin matasa na ƙasa a zamanin Seyni Kountché, irin su Yazi Dogo kuma suka yi suna da wasan Hausa. Ita kanta masana'antar fim ta Kano daga ƙungiyoyin wasan daɓe ta fito, domin ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990. Zaurukan makarantu, da sassan Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'i da kwalejoji, da gidajen rediyo, da hukumomin raya al'adu na jihohi, da gidajen matasa, duk suna nan, kuma yawancinsu sabon wasa mai kyau suke nema.

Don haka matashin da ya kammala rubuta wasa ya tara abokai biyar ko shida su karanta shi da murya yana saurare, ya gyara abin da ya yi nauyi a baki, ya nemi zauren makaranta ya nuna shi, ya zauna a bayan 'yan kallo ya lura da inda suka nutsu da inda suka koma latsa waya, ya sake gyarawa, sannan ya kai shi gari na gaba. Ya nemi wani dattijo a fannin ya durƙusa ya koya, ya karanta wasannin magabata na Hausa da na sauran al'ummu, ya kiyaye mutuncin mutanen da yake kwaikwayo ko da yana sukar halayensu, ya riƙe sana'arsa, ya tsare haƙƙinsa. Suna da lambar yabo ba a hannun marubuci suke ba, suna iya zuwa da wuri, suna iya jinkiri har bayan ransa kamar yadda ya faru da Jitney. Abin da ke hannunsa shi ne ya saurari jama'arsa da gaskiya, ya kuma kai wasansa gabansu. Kira ga matasa shi ne kada su bari wasanninsu su tsufa a cikin jaka ko a cikin waya suna jiran babban dandali, su fara da wanda ke garinsu tun a wannan shekara.